Jinin Sauro da Jinin Ɗan Adam

Imam Buhari ya ruwaito cewa wani mutum ya zo wurin Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya ƙara musu yarda, yana tambayarsa hukuncin jinin sauro. Ɗan Umar ya tambaye shi daga ina yake, da ya ji cewa mutumin Iraƙi ne sai ya ce wa waɗanda ke zaune tare da shi su dubi wannan bawan Allah, yana tambaya a kan jinin sauro alhali su ne suka kashe jikan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Yana nufin Husaini ɗan Aliyu, wanda aka kashe a Karbala a shekara ta 61 bayan hijira tare da da yawa daga mazajen gidansa. Tambayar ba ta da aibi a kanta, domin fiƙihu ya yi magana a kan abubuwan da ba su kai sauro girma ba. Abin da ya ɓata wa ɗan Umar rai shi ne a ce jama'a ta kai ga irin wannan tsantseni a kan ɗigon jinin ƙwaro, amma ta iya kwana lafiya da jinin mutum a wuyanta.

Ina ganin mu ma, a nan Maraɗi da kewayenta, mun daɗe da shiga wannan hali. Garinmu ya yi suna da abu biyu, kasuwanci da addini, kuma ba ƙarya aka yi mana ba. Masallatai suna cika, makarantun allo da na Islamiyya suna ko'ina, wa'azin dare ba ya yankewa, kuma duk wanda ya saurari shirin tambaya da amsa a gidajen rediyonmu ya san yadda mutane ke bin diddigin hukunci. Ana tambaya a kan ƙabalu da sadalu, da tsawon wando, da Maulidi, da ganin wata, da ko za a sha ruwa tare da Yamai ko tare da Sakkwato. A kan waɗannan mas'aloli ɗan'uwa yakan daina bin ɗan'uwansa salla, wani lokaci har aure yakan fasu. Ban raina ko ɗaya daga cikinsu ba. Amma idan labari ya zo cewa an kashe mutane, tambayar farko da take fitowa daga bakinmu ita ce su wa aka kashe, ta biyu kuma su wa suka kashe. Amsar da muka samu ita take yanke mana ko za mu yi salati mu yi ta jimami, ko mu ce su suka ja wa kansu, ko kuwa mu yi shiru mu ci gaba da hirarmu.

Babu wanda zai ce bai san hukuncin ba. Yaron da ya yi nisa kaɗan a karatu ya ji aya ta 32 a Suratul Ma'ida, inda Allah Ya ce wanda ya kashe rai ba don ya kashe wani rai ba, kuma ba don ɓarna a bayan ƙasa ba, kamar ya kashe mutane ne baki ɗaya, wanda kuma ya raya shi kamar ya raya mutane ne baki ɗaya. Ya ji aya ta 93 a Suratun Nisa'i, wadda ta tara wa mai kashe mumini da ganganci Jahannama da fushin Allah da la'anarSa da azaba mai girma a wuri guda. Ya ji cewa jini shi ne abin da za a fara yi wa hukunci tsakanin mutane ranar alƙiyama, kuma a hajjin bankwana, shekara ta 10 bayan hijira, Manzon Allah ya daidaita alfarmar jinin mutane da dukiyarsu da mutuncinsu da alfarmar ranar da watan da garin mai tsarki. Maƙwabtanmu Kirista su ma sun haddace dokoki goma, kuma a cikinsu akwai hani ƙarara a kan kisankai. Saboda haka matsalarmu ba ta jahilci ba ce. Mun yarda da haramcin, muna kuma karanta shi da murya mai daɗi, sai dai kowane ɓangare ya yi masa iyaka daidai inda mutanensa suka ƙare.

Alƙur'ani ya riga ya siffanta wannan ɗabi'a a Suratul Baƙara, aya ta 84 da ta 85. A Madina kafin hijira, ƙabilun Aus da Hazraj suna yaƙar juna, kuma kowacce tana da abokan ƙawance daga cikin Yahudawan garin. Idan yaƙi ya tashi sai kowane rukuni na Yahudawa ya bi abokansa, ya kashe ɗan'uwansa da suke karanta Attaura guda, ya kuma fitar da shi daga gidansa. Idan ƙura ta lafa sai su tara dukiya su fanshi waɗanda aka kama, suna cewa littafinsu ya umarce su da haka, alhali littafin nan shi ne ya fara hana su zubar da jinin juna. Sai Allah Ya tambaye su ko suna yin imani da wani sashe na littafi ne su kafirce wa wani sashe. Duk shekara ana karanta mana wannan a tafsirin azumi, mukan kuma saurare shi a matsayin labarin wasu mutane da suka shuɗe. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Namu tudun yana da suna, kuma bai yi nisa da mu ba. A watan Oktoba na 1991, lokacin da hankalin ƙasa duka yake kan babban taron ƙasa da ake yi a Yamai, rikicin manoma da makiyaya ya ɓarke a Toda, a nan cikin jihar Maraɗi, aka kashe Fulani fiye da 100, yawancinsu mata da yara. Waɗanda suka yi wannan aiki ba baƙi ba ne da suka tsallako iyaka, ba kuma mabiya wata aƙida ba ce da aka shigo da ita daga waje. Manoma ne irin iyayenmu da kawunnanmu, masu salla da azumi, masu fitar da zakkar hatsi idan an yi girbi. Waɗanda aka kashe su ma masu salla ne, alƙiblarsu guda da ta waɗanda suka kashe su. Ko da a ce shanu sun cinye gonakin yankin baki ɗaya, ko da a ce wani makiyayi ya fara zubar da jini, babu littafin fiƙihu ko ɗaya da ya ce a ɗauki fansa a kan mace da goyonta. Ɓarnar gona tana da hukuncinta, wato a ƙiyasta abin da aka ɓata a biya. Kisa yana da hukuncinsa, wato a nemo wanda ya yi shi da hannunsa. Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani, kuma aya ta 33 a Suratul Isra'i, bayan ta ba waliyyin wanda aka kashe haƙƙinsa, nan take ta gargaɗe shi da kada ya wuce iyaka a wurin kisa.

Abin da ya fi damuna game da Toda shi ne shirun da ya biyo baya. Matasanmu da yawa da aka haifa bayan 1991 ba su taɓa jin sunan ba, alhali sun san labarin kisan da aka yi wa Musulmi a Bosniya da Bama da Afirka ta Tsakiya, kuma ya dace su sani. Mun koya musu kukan abin da aka yi wa Musulmi a nesa, mun ɓoye musu abin da Musulmi suka yi wa Musulmi a ƙofar gida. Da yake ba mu zauna mun kira abin da sunansa ba, bai daina dawowa ba. A farkon Nuwamba na 2016, a Bangi ta ƙasar Madawa, maƙwabciyarmu, irin wannan rikici ya ci rayuka aƙalla 18, kuma a can ma akwai mata da yara a cikin mamatan.

Yau kuma ga abin da ke faruwa a kudancin jiha. Tun daga 2019 dubun dubatar mutane suka gudo daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka fake a ƙauyukan Gidan Rumji da Madarunfa, kuma ɓarayin dajin da suka koro su ba su tsaya a bakin iyaka ba. Suna shigowa su kore shanu, su ɗauki mutum sai an biya kuɗin fansa, su harbe wanda ya yi gardama. Waɗannan mutane sunayen Musulmi gare su, kuma a can Nijeriya an sha ganin wasunsu suna dafa Alƙur'ani a zaman sulhu suna rantsuwa cewa sun tuba, daga baya su koma daji. Munafuncinsu a fili yake, ba ya buƙatar dogon bayani. Na ɓangare na biyu ne muke jin nauyin faɗa. Lokacin da ƴan sa-kai suka riƙa tare Fulani a kasuwannin Zamfara suna kashewa ba tare da bincike ba, mutane da yawa a cikinmu, har da masu ilimi, sun ce ai maganinsu ke nan. Wanda aka kashe a irin wannan hali sau da yawa mutum ne da shi ma ɓarayin suka kwashe masa garke, ya zo kasuwa sayen gishiri ko gero. Ɗansa da ya ga an yanka ubansa a bainar jama'a, kuma babu limamin da ya tashi ya ce an yi zalunci, shi ne gobe mai bindiga zai samu da sauƙin ja. Na san zafin wanda aka kashe masa ɗan'uwa ko aka sace masa mata, kuma ba zan yi masa wa'azin haƙuri daga inuwa ba. Yana da haƙƙin ya kare kansa da iyalinsa idan an kawo masa hari, shari'a ta ba shi wannan. Ba ta ba shi izinin ya kwana biyu ya je ya kashe wani dabam saboda harshensu ɗaya da maharin ba.

Akwai kuma waɗanda hannunsu bai taɓa riƙe bindiga ba amma suna cin abinci daga jini. Da ɗan gari akan ci gari. Mai bindiga a daji ba ya sanin wanda ya sayar da amfanin gona ya ajiye kuɗi a ɗaka sai wani maƙwabci ya faɗa masa. Ba ya tatsar fetur daga itace, wani ne yake kai masa a jarka. Shanun da ya kora ba ya cinye su, wani dillali ne yake karɓa da rabin kuɗi ya shigar da su kasuwa, wani mahauci ya yanka da bisimilla, ya kuma tabbatar wa mai saye cewa yankan halal ne. Wani kuma shi ne yake rubuta laya yana yin addu'ar sa'a a biya shi. Duk waɗannan suna sahun gaba a masallaci, wasunsu da wannan riba suke zuwa Umra, kuma mu da muka san su muna kiran su Alhaji muna ba su wuri. Aya ta 204 da ta 205 a Suratul Baƙara sun yi maganar mutumin da zancensa yake burge ka, yana kafa Allah shaida a kan abin da ke zuciyarsa, amma da ya juya baya sai ya shiga ɓarna a ƙasa yana halaka shuka da dabbobi. Manomi da makiyayi na wannan yanki ba sa buƙatar a yi musu dogon tafsirin wannan aya.

Sai masu kisa da sunan Allah kai tsaye. Ranar Juma'a 21 ga Maris na 2025, cikin watan azumi, an kewaye masallaci a Fambita ta jihar Tilaberi aka kashe masallata 44. Ranar 28 ga Nuwamba na 2014 an tayar da bama-bamai a babban masallacin Juma'a na Kano, fiye da mutum 100 suka rasu. A watan Afrilu na 2007 an harbe Shaihu Ja'afar Mahmud Adam yana limancin sallar asuba a Kano. A farkon 2021 kaɗai, an kashe kimanin mutum 100 a Combangu da Zarumdarai, sannan fiye da 130 a ƙauyukan Tiliya ta jihar Tawa. Malaman tarihi sun kawo labarin Hawarijawan farko, waɗanda suka yi wa Sayyidina Aliyu tawaye suna kafirta Musulmi, da suka kama Abdullahi ɗan Habbabu, ɗan sahabi. A kan hanya ɗayansu ya tsinci dabino guda ya jefa a baki, sai sauran suka tsawata masa cewa ya ci abin da bai biya ba, ya tofar. Bayan haka suka yanka Abdullahi a bakin ƙorama, suka kuma farke cikin matarsa mai juna biyu. Wani daga cikin wannan ƙungiya ne ya sari Sayyidina Aliyu a Kufa cikin Ramadan na shekara ta 40, yana ganin ibada yake yi.

La'antar waɗannan ba ta da wuya, kowa yana yi. Abin da ba mu cika dubawa ba shi ne cewa kafin su ɗauki makami sai da suka fara da baki, suka cire wanda za su kashe daga Musulunci, kuma wannan mataki na farko muna jin sa a wa'azozin da ke yawo a wayoyinmu. Ɗan ɗariƙa mushiriki ne, ɗan Izala maƙiyin Annabi ne, ɗan Shi'a ba a ma maganarsa. Mai wa'azin zai ce shi bai ce a kashe kowa ba, kuma gaskiya ne bai faɗa ba. Amma saurayin da ya shekara goma yana jin cewa maƙwabcinsa ba Musulmi ba ne, ranar da aka kashe maƙwabcin ba zai ji komai ba. An ga haka a Disamba na 2015, lokacin da sojoji suka kashe ɗaruruwan ƴan Shi'a a Zariya, har gwamnatin Kaduna da kanta ta amsa cewa an binne gawa 347 a rami guda, amma wasu masu salla suka riƙa yi wa juna barka. Mutum yana iya ƙin aƙidar wani iyakar ƙi, ya yi mata raddi da hujja, ba tare da ya yi murna da gawarsa ba. Usama ɗan Zaidu, wanda Annabi yake ƙauna ƙwarai, ya kashe mutum a fagen fama bayan mutumin ya furta kalmar shahada, yana ganin tsoron takobi ne ya sa ya faɗe ta. Manzon Allah ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyarsa ne ya gani, ya kuma yi ta maimaita masa maganar har Usama ya yi burin a ce sai a ranar ya musulunta. Wannan a tsakiyar yaƙi ke nan, a kan mutumin da yake riƙe da makami ɗazu-ɗazu.

Mu mutanen Maraɗi ya kamata mu fi kowa fahimtar nauyin wannan mas'ala, domin garinmu daga cikinta ya fito. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi wajejen 1807, gidan sarautar Katsina ya yi ƙaura zuwa arewa har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Daga nan aka shafe shekaru masu yawa ana kai wa juna hari tsakanin nan da ƙasashen daular Sakkwato, ana kashewa ana kama bayi, kowane ɓangare da malamansa da limamansa. Tun a wancan zamani masana ba su ɗauki abin da wasa ba. Shehu Muhammadu al-Aminu al-Kanemi na Barno ya rubuta wa shugabannin jihadi yana tambayar hujjar yaƙar mutanen da suke salla suna azumi, yana cewa saɓo ba kafirci ba ne, kuma Muhammadu Bello bai ɓoye waɗannan wasiƙu ba, ya kawo su tare da amsoshinsa a cikin Infaƙul Maisuri. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da kansa ya taɓa barin rundunar ya nufi gabas har ya kai Kano, saboda abin da ya gani na son mulki da dukiya a tsakanin wasu mayaƙa. Ba ni da matsayin da zan yi wa waɗannan magabata alƙalanci. Abin da nake ɗauka daga gare su shi ne sun san cewa halatta jinin mai salla magana ce da ake rubuta wasiƙu a kanta shekara da shekaru ana jin tsoron Allah, ba abin da yaro zai yanke a majalisar shayi ba.

Haka kuma batun wanda ba Musulmi ba. A ranakun 16 da 17 ga Janairu na 2015, bayan wata jarida a Faransa ta sake buga zanen ɓatanci ga Annabi, zanga-zanga a Damagaram da Yamai ta ci rayuka 10, aka kuma ƙona majami'u masu yawa. Zanen ya ɓata wa kowane Musulmi rai, ni ma har da ni. Amma waɗanda suka mutu ƴan Nijar ne da ba su taɓa ganin jaridar ba, kuma waɗanda suka yi zanen ba su rasa ko ƙwandala ba. A nan Maraɗi, a watan Yuni na 2019, an cinna wa wata majami'a wuta a unguwar Zariya saboda hukuma ta kama wani limami, alhali ba Kirista ne suka kama shi ba. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba a wannan karo, amma wanda ya kunna wuta a gini bai san wanda ke ciki ba. Hadisi ingantacce a cikin Buhari ya ce wanda ya kashe mutumin da ke zaune da Musulmi bisa amana ba zai ji ƙanshin Aljanna ba. Ban san yadda mutum zai ce yana kare martabar Annabi ta hanyar aikata abin da Annabin ya yi wa wannan gargaɗi ba.

Abubuwa biyu da suka faru a Nijeriya sun tona asirin kowa. A watan Mayu na 2022 ɗalibai a Sakkwato suka jefe wata ɗaliba Kirista, Deborah Samuel, suka ƙona gawarta bisa zargin ɓatanci, kuma ko da yake fadar Sarkin Musulmi ta yi tir da abin, mutane da yawa a Facebook da WhatsApp sun yi ta kare shi. A ƙarshen Maris na 2025 kuma wasu gungun mutane a Uromi ta jihar Edo suka tare mafarauta ƴan Arewa da ke kan hanyar komawa gida yin salla, suka kashe 16 bisa zargin cewa masu satar mutane ne. A nan sai waɗanda suka kare kisan Sakkwato suka riƙa tambayar ina kotu, ina bincike, ina shaida, kuma tambayoyinsu daidai ne, sai dai ba su yi su ba a 2022. A ɗaya ɓangaren, wasu Kirista da suka yi kuka mai zafi a kan Deborah suka koma neman uzuri ga mutanen Uromi. Aikin iri ɗaya ne, wato taron jama'a ya yi zargi, ya yanke hukunci, ya zartar a cikin sa'a guda. Duk wanda ya ƙi shi sau ɗaya ya yarda da shi sau ɗaya, ba kisan yake ƙi ba, asarar nasa yake ƙi.

Za a ce mini ai ayoyin da na kawo suna da togiya, domin Allah Ya ce kada a kashe rai sai da haƙƙi, kuma akwai ƙisasi da haddi a shari'a. Haka ne, ban musa ba. Amma mazhabar Malikiyya da muke bi, kamar sauran mazhabobi, ta sa zartar da waɗannan hukunce-hukunce a hannun shugaba da alƙalinsa, bayan an kawo shaidu adalai, an saurari wanda ake tuhuma, an duba hankalinsa da shekarunsa, an kuma kawar da duk wata shubuha. Ko a ƙisasi, Alƙur'ani ya buɗe ƙofar yafewa da karɓar diyya, ya kira hakan sauƙi da rahama daga Ubangiji. Sannan yawan masu kisa ba ya raba laifin ya zama ƙanana. Imam Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya kashe mutum biyar ko bakwai saboda mutum guda da suka haɗu suka kashe ta hanyar yaudara, ya kuma ce da mutanen San'a duka sun haɗa kai a kan kisansa da ya kashe su gaba ɗaya. Wannan ya shafi wanda ya jefa dutse guda a kan wanda aka yi wa ihun ɓarawo a kasuwa, ya tafi gida yana ganin shi bai kashe kowa ba. Manzon Allah ya san munafukan Madina, kuma lokacin da aka nemi izinin kashe shugabansu Abdullahi ɗan Ubayyu bayan ya faɗi mummunar magana, ya hana, don kada mutane su ce Muhammadu yana kashe sahabbansa.

Za a kuma ce me ya sa ban yi maganar munafuncin manyan ƙasashe ba, masu wa'azin haƙƙin ɗan Adam da rana suna sayar da makamai da dare. Wannan gaskiya ne, kuma mu ba sai an ba mu labari ba. A 1899 ayarin sojan Faransa na Vule da Shanuwan ya ratsa ƙasar nan yana ƙona garuruwa, ya yi kisan ƙare dangi a Birnin Ƙonni, kuma daga baya sojojinsu suka harbe su biyun a wajejen Maijirgi ta ƙasar Tasawa. Sun zo ne da sunan kawo wayewa. Mun ga abin da aka yi wa Iraƙi daga 2003, da Libiya a 2011 wadda makamanta suka watsu a Sahel, muna kuma ganin Gaza. Tarihin Kirista ma yana da nasa, domin a Ruwanda a 1994 an kashe dubban mutane a cikin majami'un da suka fake, har kotun duniya ta hukunta wani limamin coci a kan hannun da yake da shi a ciki. Duk wannan bai rage ko ɗigo daga jinin Toda ba. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana mu barin ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu ƙi yin adalci, kuma ranar hisabi ba za a tambaye ni abin da Faransa ta yi ba.

Saboda haka roƙona yana ga malamanmu da limamanmu, Allah Ya ƙara musu lafiya, domin maganarsu ta fi ta gwamna da ta jandarma shiga kunnen talaka. Ina roƙon a yi huɗuba a kan haramcin jini a makon da wanda aka kashe ba namu ba ne, a ambaci Bafulatani ko Kirista ko wanda ake zargi da sata a fili, domin a makon da namu ne aka kashe kowa ya iya wannan huɗuba. Ina roƙon a faɗa wa dillali da mahauci cewa dabbar da aka kashe mai ita kafin a koro ta ba ta halatta da bisimillar yanka, a kuma daina karɓar gudummawar ginin masallaci daga hannun wanda gari duka ya san inda dukiyarsa take fitowa. Ina roƙon a tuna wa jama'a aya ta 283 a Suratul Baƙara, wadda ta ce mai ɓoye shaida zuciyarsa mai zunubi ce, domin kisan taron jama'a ɗaruruwan idanu ne suke ganinsa, amma idan hukuma ta zo bincike ba a samun mutum guda da ya gani.

Lokacin da wannan magana ta fi amfani sananne ne. Kowace shekara rikicin manoma da makiyaya ya fi tashi ne da kaka, lokacin da garkuna suke gangarowa daga arewa alhali wake da dawa ba su gama barin gona ba, kafin ranar da hukuma take sanarwa ta sakin gonaki. Toda a Oktoba ta faru, Bangi a farkon Nuwamba. Sarakuna da hakimai da kwamitocin kula da filaye sukan yi nasu zagayen faɗakarwa a wannan lokaci, suna maganar burtali da mashaya da tarar ɓarna. Ya kamata a cikin waɗannan makonni kowane masallacin Juma'a daga Dakwaro zuwa Madarunfa ya keɓe huɗuba guda a kan wannan, a yi ta da Hausa da Fulatanci, a gayyaci arɗo da sarkin noma su zauna a sahu ɗaya, a kuma ba matasa labarin abin da ya faru a Toda da sunansa da shekararsa.